Langa Talatin a Marwa: Nazarin Wani Aikin Zane da Ya Bi Gida-Gida

A wani azumi da ya faɗo tsakiyar bazara, 'yan shekaru bayan hare-haren bam na 2015, wata matashiya mai zane ta sayi langa talatin a babbar kasuwar Marwa, ta zane murafansu da fenti, ta zuba dabino da ƙosai a ciki, ta sake su cikin unguwarmu. Ba na sayarwa ba ne, ba kuma na ratayewa a bango a zo kallo ba. Sharaɗinta guda ne: gidan da langa ta shiga su ci abin da ke ciki, su zuba nasu, washegari kafin shan ruwa su aika da ita gidan da ba su taɓa aika wa kwano ba. Ranar jajibirin salla a mayar mata da kayanta. Abin da ke tafe bayani ne na yadda aikin ya gudana, inda ya cije, da wadda ta warware shi. Ban kama sunan kowa ba, domin yawancin waɗanda abin ya shafa matan aure ne da ba su nemi a san su a waje ba.

Marwa kafin langa ta fito

Marwa ce babban birnin yankin Arewa Mai Nisa a Kamaru, gari mai inuwar dogon yaro a bakin tituna, mai kogunan yashi da ba sa kawo ruwa sai da damina. Fulatanci ne harshen kasuwa da titi. Mu Hausawa ba mu da rinjaye, amma zamanmu ya daɗe, jikokin fatake ne da mahauta da dukawa da majema da malaman allo. Al'adar aika kwano kuwa ta kowa ce, Bahaushe da Bafulatani da Babarbare. Da azumi, daga la'asar sakaliya zuwa kiran magariba, lungu kan cika da yara ɗauke da kwanuka rufe da faifai: kunun gyaɗa zuwa gidan kawu, ƙosai zuwa gidan liman, tuwo zuwa ɗakin tsohuwar da 'ya'yanta suka yi nisa. Ba a rubuce dokokin abin suke ba, amma babu macen da ba ta san su ba. Ɗan aike yakan faɗi gidan da ya fito. Akan ba shi tukuici. Kwano ba ya komawa wofi, ko goro biyu ne sai an jefa a ciki.

Ranar 22 ga Yuli 2015, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar salla, bama-bamai suka tashi a babbar kasuwa da wata unguwa kusa da ita. Ranar 25 ga wata wani ya sake tashi a unguwar Pont Vert. Gomman mutane suka rasu. 'Yan mata ƙanana aka ɗaura wa abin. Tun a tsakiyar watan gwamna ya hana sa niƙabi a yankin, bayan harin da aka kai garin Fotokol. Duk wannan an ji shi a rediyo. Abin da rediyo bai faɗa ba shi ne yadda yarinya ɗauke da abu a rufe ta zama abin gudu a garin da ya saba yi mata maraba. Iyaye suka daina aiken yara nesa. Wanda aka yi wa sallama da kwano daga gidan da bai sani ba sai gabansa ya faɗi. Al'adar ba ta mutu ba, ta dai tsuke, ta koma tsakanin dangi na jini da maƙwabcin da katanga ɗaya ta raba ku.

A daidai lokacin ne kuma baƙi suka yawaita. 'Yan Nijeriya da suka tsallako iyaka an kai mafi yawansu sansanin Minawao kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013. 'Yan ƙasa da rikicin Boko Haram ya kora daga wajejen Kolofata da Amcide da Kerawa kuwa, wasunsu gari suka shigo, suka kama ɗakin haya ko suka raɓa a kangon da mai shi bai ƙarasa ginawa ba. An taimake su, ba a musu. Akwai layin rabon hatsi, akwai kati, akwai sadakar Juma'a. Kwano ne dai ba ya zuwa musu, domin kwano na wanda ake sa ran zai rama ne.

Mai zanen da abin da ta zo da shi

'Yar unguwa ce. Mahaifinta baduku ne, yana kai takalma da jakunkuna cibiyar sana'o'in hannu ta Marwa, inda masu yawon buɗe ido kan tsaya a da, kafin hanyar Waza da Rumsiki ta daina ganinsu. Ta yi karatu a makarantar koyon zane ta Fumban, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Dschang, a can ne kuma ta haɗu da wani reshe na fasaha da ba ya tsayawa a kan hoto ko mutum-mutumi, wanda jama'a ke shiga cikinsa da hannunsu, su karɓa, su bayar.

Misalai uku ta fi ambata. A 1991 Félix González-Torres, haifaffen Kuba mazaunin Amurka, ya tara alewa a kusurwar ɗakin nuni, nauyinta kusan kilo 79, daidai nauyin jikin wani makusancinsa mai suna Ross da cutar ƙanjamau ta kashe a shekarar. Duk mai kallo yana da izinin ɗaukar ɗaya, tarin yana raguwa yadda jikin majinyaci ke raguwa, masu kula da wurin suna sake cikawa. A 1992 Rirkrit Tiravanija ya mai da wani ɗakin nuni a New York wurin girki, yana dafa shinkafa da miyar ƙasar Tailan, kowa ya zo ya ci kyauta. A 2009 kuma, a birnin Lyon na Faransa, Lee Mingwei ɗan Taiwan ya jera furanni a kan dogon teburin dutse, ya ce kowa ya ɗauki ɗaya bisa sharaɗi biyu: ya sauya hanyar komawa gida, kuma ya miƙa furen ga wanda bai sani ba. Daga wannan na ukun ta ɗauko dokarta ta "a kai gidan da ba a taɓa kai wa ba". A nan gida Kamaru ma ta ga yadda cibiyar doual'art, wadda Marilyn Douala Manga Bell da Didier Schaub suka kafa a Duwala a 1991, ke fitar da fasaha cikin unguwanni, musamman a bikin baje kolin fasaha mai suna SUD da ta fara a 2007.

Da ta dawo arewa sai ta tambayi kanta wa zai zo kallo in ta rataye hotuna a wani zaure. Matan da take so su gani ba sa fita sai da dalili, wasu ma sai da dare. Shi ya sa ta ce zanen ne zai je musu.

Ta zaɓi langa ta bar kula, duk da kula ce ke yayi, saboda murfin langa yana karɓar fenti, kuma duk macen da ta haura arba'in ta san ta a jeren uwarta. Bayan murfin kawai ta zana, inda ba ya taɓa abinci. Ba ta sa siffar mai rai ko ɗaya ba. Ta ɗebo zanen daga wurare huɗu da idon unguwa ya saba da su: ƙunshin amare, zanen wuta na ƙwaryar Fulani, aikin dukawa a kan fata, da ɗinkin hula. Wadda ta shigo gidanmu shuɗiya ce, an zagaye bakinta da 'yan dala-dala farare irin na ƙwarya, dagi ja a tsakiya, mariƙin murfin ya zauna daidai cibiyar dagin. Ta kuma roƙi kowane gida su ɗaura ɗan ƙyalle ko zare a mariƙin kafin su sallami langar. Kuɗin kwanuka da fenti wata ƙungiya ce ta bayar, rabi a farko, rabi in an kammala.

Goman farko

Kwana uku ba a yi ba aka fara cin karo.

Na farko shi ne tambayar da kowace matar gida ke yi wa ɗan aike. Wata yarinya ta yi sallama a wani gida, ta durƙusa ta ajiye langa.

"In ji wa?"

"Wai an ce ba a faɗa, Inna. Na zane ne."

"Zane kuma? Ɗan gidan wa ne shi?"

Mai zanen ta so kyautar ta zama ba ta da fuska, don kada wani ya ji nauyin wani. A wurinmu kuwa abincin da ba a san tukunyarsa ba abin zargi ne tun kafin bam, balle bayansa. Akwai kishi, akwai tsoron sammu, akwai mai jego da ba ta cin abin kowa. An zubar wa awaki da abin da ke cikin wasu kwanukan. Wani magidanci ya hana a buɗe tasu, ya sa aka ajiye ta bayan katanga har gari ya waye.

Na biyu gasa ce. Langa ta shiga gidan wani attajiri, uwargidan ta ga abin kunya ne a ce daga ɗakinta ƙosai ya fito, sai ta naɗe atamfa ta cusa, ta ɗora kwalbar turare. Niyyarta alheri ce. Amma matar da ta karɓa mijinta ɗan acaba ne, abin da ke gidan a ranar garin kunu ne da tsamiya. Ta buɗe, ta rufe, ta tura langar ƙarƙashin gado. Me za ta zuba a kwanon da atamfa ta fito daga ciki? Langar ta kwana biyar a nan. Ba ita kaɗai ba ce. Da aka bi sawu sai aka tarar kwanukan da suka tsaya duk a gidajen marasa ƙarfi suka tsaya, kuma ba cinye su aka yi ba, kunya ce ta riƙe su.

Na uku tukuici. Yara sun gane gidan da ake ba da sefa ɗari da gidan da ake cewa "Allah ya yi albarka", suka fara karkatar da aike. Wata mata ta faɗa wa maƙwabciyarta cewa in ta hango murfi mai zane ya doso sai ta shige banɗaki, don ba ta da ko sefa ashirin da biyar da za ta ba yaron.

Na huɗu shi ya fi ɓata wa mai zanen rai, domin ya taɓa ƙashin bayan aikin. Mata sun ƙi wucewa da langa gaba. Wadda aka aiko wa sai ta tsare ɗan aike har ya faɗi gidan da ya fito, washegari ta cika ta mayar can. Waccan ma ta sake cikawa ta dawo da ita. Langa ta zama kamar gugar rijiya, hanya ɗaya take bi, ta je ta dawo. Da aka tuna musu doka sai su ce: wadda ta ba ni tana zaune, in ɗauka in kai wa wata? Gobe in mun haɗu a gidan suna da wane ido zan dube ta?

Goggo

Akwai wata tsohuwar dillaliya a unguwar, kowa Goggo yake ce mata. Shekara da shekaru tana yawo da ƙullin kaya gida-gida, tana sayar wa matan kulle zannuwa da kwanuka, tana karɓar zubin adashi, ta san wadda ke fushi da wadda, ta san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Ita ta gano langar da ke ƙarƙashin gado. Ta aika aka kira mai zanen bayan tarawihi.

"'Yar nan, wa ya koya miki kyauta?"

"A makaranta muka karanta, Goggo."

"To a can mutanen da aka ba wa furen, gobe za su haɗu a rijiya?"

"A'a, Goggo, ba su san juna ba."

"Mu nan za mu haɗu. Kin ɗora wa mutane bashi kin hana su biya."

A ganina wannan jumla ita ce dukan matsalar. Aikin Lyon an gina shi ne don birnin da baƙo ke miƙa wa baƙo abu su rabu har abada, kuma a can yana da kyau ƙwarai. A unguwar da kowa zai je jana'izar kowa, kyauta igiya ce, tana da baki biyu. Wanda aka hana shi riƙe nasa bakin an mai da shi almajiri, ko da zinariya aka ba shi.

Goggo ba ta ce a fasa ba. Gyara ta yi, kuma mai zanen ta yi hankalin da ba kowane mai ilimi ke yi ba, ta saurara. Ɗan aike zai faɗi gidan da ya fito, kamar yadda aka saba. In gidan da za a kai wa baƙi ne sosai, Goggo za ta riga langar zuwa da hantsi ta yi bayani. Ba a zuba abin da aka sayo musamman don langa, sai abin da ke cikin tukunyarki ko rumbunki ko wanda hannunki ya yi. An soke tukuicin kuɗi, ɗan aike zai ɗebi rabonsa daga abin da ya kawo a gaban matar gida, goron sallarsu kuma mai zanen za ta haɗa musu a ƙarshe. Atamfar nan Goggo da kanta ta mayar wa mai ita, da lafazin da bai bar tabo ba, ta ce a adana ta sai bikin 'yar gidan da aka kai wa, a ba da ita gudummawa.

Sai babbar magana, ta ramawa. Hukuncin Goggo shi ne langa mai zane ta wuce gaba kamar yadda mai ita ke so, amma wadda ta karɓa ta rama wa wadda ta aiko a cikin kwanonta na gida. Wato kowane zango da langa ta yi sai ya haifar da wani kwano mai komawa baya. Wannan kwano na biyu babu fenti a kansa, babu shi a takardar da aka kai wa masu tallafi, amma shi ne ya cika lungu a goman tsakiya. Kuma da yake shi ma ba ya komawa wofi, gidaje biyu da ba su taɓa gaisawa ba sai ga su da hanya a tsakaninsu.

An kuma je wurin limamin unguwa. Mai zanen ta kai masa murfi ɗaya ta ce, "Allah gafarta Malam, a duba mana." Ya juya shi, ya ga babu siffar mai rai, ya ce babu laifi. A karatun washegari ya kawo hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mata Musulmi kada maƙwabciya ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta ko da kofaton akuya ne, da wanda ya ce wa Abu Zarri in ya dafa romo ya ƙara ruwa ya tuna da maƙwabta. Bai ambaci langa ba. Mazan da ke hana a buɗe sun ji, sun kuma gane.

Matar da ke kango

A ƙarshen unguwa, wajen bakin mayo, wato kogin yashi, akwai wata mata daga ƙauyukan Kolofata da ke zaune da 'ya'yanta a kangon wani ɗan kasuwa, an toshe tagogin da buhu. Barbarci ne harshenta, Hausarta ta ciniki ce. Goggo ce ta sa aka kai mata langa, tuwon masakwa da miyar yakuwa a ciki. Ta karɓa da hannu biyu, ta tambayi yaron sau biyu ko bai yi ɓatan gida ba.

Langar ta kwana biyu a wurinta, Goggo ta leƙa. Matar ta nuna mata abin da ke ɗakin: shinkafar rabo da man rabo, waɗanda duk garin an san buhunsu da galan ɗinsu. Ta ce ba za ta aika wa mutane abin da aka ba ta sadaka ba. Goggo ta ce, "Ƙanwata, me hannunki ya iya?" Sai matar ta jawo wani ƙullin tsumma daga cikin kayan da ta gudo da su, ta kwance. Ragowar itacen turaren wuta ne da 'yan kayan haɗi, abin da matan Barebari da Shuwa suka yi suna a kai. Ta jiƙa, ta soya da sukari a kaskon da take suyar ƙosai, ta naɗe a takarda gida biyu. Ɗaya ta sa a langa ta wuce gaba, ɗaya ta sa a kwanon shanta ta rama wa gidan da suka aiko da tuwo. Ta yage bakin ɗankwalinta ta ɗaura a mariƙi. Da yaron zai tafi ta ce wa Goggo, tun da suka shigo garin nan hannunta a ƙasa yake, yau ne ya hau sama.

Ƙamshin ya kama langar, gidaje biyu a gaba ana tambayar wadda ta haɗa. Kafin salla Goggo ta kawo mata 'yan saƙonnin masu so, na sefa ɗari biyar, na jaka guda. Kada a ɗauka rayuwarta ta sauya. Har yanzu a kangon take, ƙauyensu bai zaunu ba. Abin da ya sauya shi ne da aka yi haihuwa a gidan da suka aiko mata tuwo, an aika mata goron suna, ta je, ta kai nata, an rubuta a cikin masu biki.

Masu tallafi da ranar jajibiri

Ƙungiyar da ta ba da kuɗi ta aiko da takardar rahoto. Tana son adadin "masu cin gajiya", da sunayensu da lambar waya, da hotunansu riƙe da langa suna murmushi. Matan suka ƙi, mazajensu ma suka ƙi. Bayan kunya da kulle, akwai wani dalili da wata ta faɗa ƙarara: wannan hoton irin na ranar rabon shinkafa ne, ita kuwa ba rabo aka yi mata ba, ita ma ta bayar. Takardar ba ta da gurbin mutumin da ya karɓa kuma ya bayar. Mai zanen ta aika hotunan murafa kawai da bayani a rubuce. Aka ce bai cika sharaɗi ba, rabin kuɗin na biyu bai fito ba. Goron sallar yara daga aljihun mahaifinta ya fito.

Ranar jajibiri fiye da rabin kwanukan suka dawo. Sauran an san inda wasu suke. Biyu sun shige jeren amare. Ɗaya ta bi wata baƙuwa zuwa Kuseri, an ce har ta tsallaka gada ta shiga Njamena. Wata tsohuwa ta ce tata ba za ta fita ba, a zo a karɓi kuɗinta. Waɗanda suka dawo sun sha duka, fenti ya ɓantare, wata an sauya mata gindi murfin ne kawai na asali. Mai zanen ta ce da farko ranta ya sosu, domin ta yi dare tana ja wa kowane murfi layi.

Kashegarin salla aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan Goggo aka jera su. Mata suka shigo da kwalliyarsu. Zanen sun yaba, amma wurin ƙyallayen suka daɗe. Kowane mariƙi ya yi tuntu, wani siriri, wani har ya rufe dagin. Suka riƙa warware su da yatsa suna karantawa: wannan yankin zanen wance ne na bikin ƙanwarta, wannan zaren hula ne, daga gidan masu ɗinki ya fito, wannan bakin ɗankwalin fa na wa ne? Aka nuna matar kango, tana zaune a gefen tabarma. Rahoton da ƙungiya ta nema yana nan a ɗaure, sai dai 'yan unguwa kaɗai ke iya karanta shi.

Abin da na gani a ciki

Wasu maza sun ce wannan ai abin da iyayenmu ke yi ne, an shafa masa fenti. Wani malamin makaranta kuma ya ce ba fasaha ba ce, aikin jin ƙai ne. Ban yarda da ko ɗaya ba. Al'adar tana nan tun da, amma ta kasa ƙetare tsoron da 2015 ta bari, ta kuma kasa shiga kango. Babu matar da za ta tashi haka kawai ta aika kwano gidan da ba ta sani ba, za a ce me take nema. Murfi mai zane ya ba ta hujja: ba ni ba ce, dokar langa ce. Kyan murfin kuma ba ado ne kawai ba. Shi ya sa ake hango shi daga nesa a san ba abin tsoro ba ne, shi ya sa wadda aka kai wa ta ji an darajanta ta. Da a roba aka zuba, da ya zama sadaka. Jin ƙai kuwa hanya ɗaya yake bi, daga mai shi zuwa marar shi, kuma yankinmu ya sha shi har ya gaji. Shekaru ana kirga mutane a layi, ana ciyar da su, ba a taɓa tambayarsu abin da suke da shi ba. Langa ta tambaya.

Inda nake da magana da mai zanen shi ne wajen suna. An gayyace ta Yawunde ta yi bayanin aikin, sunanta kaɗai ke jikin takarda. Dokar da ta zo da ita daga makaranta ta tsaya cik a goman farko, wadda ta yi tafiya ta Goggo ce. In fasahar ita ce tsarin musayar, kamar yadda ita kanta take faɗa, to mutum biyu suka yi ta, kuma ɗayar ba ta taɓa shiga aji ba. Na faɗa mata haka. Ta ce Goggo ce ta hana a sa sunanta. Na ce ko ba a sa suna ba ana iya cewa da wata dillaliya aka yi, kuma in an ba da kuɗin jawabi a raba.

Akwai kuma iyakar da langa ba ta ƙetare ba. Marwa ba ta Musulmi kaɗai ba ce, akwai Giziga da Mofu da Tupuri da Mundang da 'yan kudu ma'aikata, da yawansu Kirista, kuma bam ɗin Pont Vert bai tambayi addinin kowa ba. Da yake an ɗaura aikin a kan azumi, kuma ƙafar Goggo ce ta share masa hanya, ya tsaya inda ƙafarta ke tsayawa. Gida biyu ko uku na Kirista da ke cikin unguwar ne kawai suka karɓa suka rama. Mai zanen tana son ta sake sakin wasu kwanukan a watan Disamba, su fito daga gidajen masu Kirsimeti su shigo namu. Ta riga ta san tambayar da za a fara yi mata ita ce wa ya yanka naman, don haka tana tunanin a tsaya kan gyaɗa da cincin da 'ya'yan itace. Abin da ba ta samu ba tukuna shi ne mace irin Goggo a wancan ɓangaren, wadda ake buɗe wa ƙofa ba tare da an tambayi dalili ba. Ta ce an kwatanta mata wata ungozoma mai ritaya a unguwar Domayo, za ta je gaishe ta bayan damina.